Ciwon 'yan wuya sau biyu a jikin mai cutar tayirod: nazarin lamarin wata mata daga yankin Jega

Matar da wannan nazari ya shafa shekarunta 29, tana zaune a wani ƙauye da ke yankin Jega a jihar Kebbi, kuma sana'arta turara shinkafa tana kaiwa kasuwa. 'Ya'yanta uku, ta yaye na ƙarshen watanni kaɗan kafin ciwon ya kwantar da ita. An sakaya sunanta da na ƙauyensu. A cikin wata biyu ciwon 'yan wuya ya kawo ta asibiti sau biyu, kuma duk da cewa kukan da ta zo da shi iri ɗaya ne, wato zazzaɓi da kasa haɗiya, abin da ke ƙarƙashin ciwon farko ya sha bamban da abin da ke ƙarƙashin na biyu. Duka biyun kuwa suna da alaƙa da tayirod, ƙullutun nan da ke gaban wuya ƙasa da maƙogwaro, wanda idan ya kumbura ake cewa mutum ya yi maƙoƙo.

Karon farko ya zo ne a watan Disamba, hunturu ya kankama, lokacin da ƙura da sanyi ke cika asibiti da masu mura da ciwon maƙogwaro. Ta yi kwana uku tana zazzaɓi a gida, an sayo mata maganin zazzaɓin cizon sauro da na taifot a kemis, ba ta ji sauƙi ba, har ta kai ko kunu ba ya wucewa. Da daddare aka kawo ta. Da aka danne harshenta aka haska, sai ga 'yan wuyan sun kumbura sun yi jajir, da ɗige-ɗigen farar mugunya a kansu, ga kaluluwa mai zafi a ƙarƙashin muƙamuƙi, kuma ba ta tari. Waɗannan alamomi huɗu, zazzaɓi da mugunya da kaluluwa da rashin tari, su ne likitoci ke dubawa don bambance ciwon da bakteriyar sitireptokokus ke kawowa da wanda ƙwayar bairas ke kawowa. Mafi yawan ciwon 'yan wuya na bairas ne, yana wucewa da kansa, amma na sitireptokokus dole a ba shi penisilin na kwana 10, domin idan an yi sakaci yakan koma ya taɓa gaɓoɓi da ƙofofin zuciya. Zafin jikinta ya kai digiri 39.1, zuciyarta na bugawa sau 142 a minti. Gwajin zazzaɓin cizon sauro bai nuna komai ba, jininta bai yi ƙasa ba, ba ta kuma da ciki. Aka kwantar da ita, aka sa mata ruwa, aka fara allurar penisilin da parasitamol, wanda shi ne abin da ya kamata a yi wa duk wanda ya zo a wannan hali.

Ma'aikaciyar jinyar da ta kwana a ɗakin ce ta fara lura da cewa lissafi bai daidaita ba. Da asuba zafin jiki ya sauko zuwa 37.8, ruwa ya shiga jiki, amma bugun zuciya na nan a 130. A ƙiyasin da aka saba da shi, kowane digiri ɗaya na zazzaɓi yakan ƙara wa zuciya bugu kamar 10 a minti, saboda haka idan zazzaɓi ya sauka zuciya ma takan lafa, amma bugu 130 ya yi wa zafin jiki na 37.8 yawa ƙwarai. Ta kuma ba da rahoton cewa matar ba ta runtsa ba, ta zaga bayan gida sau da yawa da gudawa, tana ta yaye bargo tana neman a buɗe taga, a daren da sauran majinyata ke lulluɓe har ka.

Da muka zo zagayen safe muka nemi ta cire hijabinta, ma'aikaciyar jinya na tsaye a gefe. Ina ganin wannan mataki yana da muhimmanci a wurinmu fiye da yadda ake ɗaukarsa, domin mace takan buɗe baki a duba cikin maƙogwaronta alhali gaban wuyanta a rufe yake tun daga haɓa, kuma maƙoƙon da bai yi girma ba yakan ɓuya a nan tsawon watanni, wani lokaci ita kanta ba ta sani ba. Tayirod ɗinta ya kumbura ta ɓangarorin biyu daidai wa daida, sumul babu ƙulle-ƙulle, yana hawa yana sauka idan ta haɗiyi yawu. Da aka danna shi ba ta ji zafi ba, da aka ɗora abin sauraro a kansa kuma ana jin shuuu na gudun jini. Tafin hannunta da ɗumi da danshi. Muka ce ta miƙe hannuwanta muka ɗora fallen takarda a bayan yatsunta, takardar ta kama rawa. Idanunta sun ɗan firfito, ana ganin fari a saman baƙin ido.

Mahaifiyarta ce ke jinyarta, don haka muka juya gare ta muka ce, "Inna, tun yaushe kika ga jikinta ya sauya?" Ta ce, "Likita, tun damina. Ɗiyar nan ci takai, amma kullum ramewa takai." Daga nan labarin ya fito. Wajen wata biyar ke nan tana ramewa duk da yawan ci, tana gumi fiye da ƙima, gabanta na faɗuwa ko ba abin da ya tsorata ta, al'adarta ta ragu, ta zama mai saurin fushi, kuma idan ta tsuguna gaban tukunya tashi na yi mata wuya sai ta dafa gwiwa. Kowace alama an ba ta dalili a gida. Ramar an ɗora ta a kan shayarwa, gumin a kan zama gaban wutar turara, faɗuwar gaban kuma har an yi mata rubutu an ce tsoro ne. Ba na ganin laifin iyalin a nan, domin kowanne daga cikin dalilan nan yana da ƙamshin gaskiya idan aka ɗauki alamar ita kaɗai.

Abin da muka ji tsoro shi ne rikicewar nan da ake kira guguwar tayirod, wadda ke afka wa mai yawan sinadarin tayirod idan wata cuta, ko tiyata, ko haihuwa ta ƙara wa jikinsa nauyi: zazzaɓi ya yi tsanani, zuciya ta yi gudu har ta gaza, hankali ya gushe. Ko a manyan asibitocin duniya tana kashe kamar mutum 1 cikin 10 ko fiye. Akwai ma'aunin da Burch da Wartofsky suka fitar a 1993, wanda ke ba da maki ga zafin jiki, da bugun zuciya, da halin ƙwaƙwalwa, da gudawa ko amai ko shawara, da gazawar zuciya, da samuwar abin da ya tayar da ciwon, kuma maki 45 zuwa sama yana nuni ga guguwar. Makin matar nan ya haura 45 a daren da ta zo. Sai dai ma'aunin yana da rauni a irin wannan yanayi, tunda ciwon 'yan wuya shi kaɗai yakan kawo zazzaɓi da gudun zuciyar da ke ɗaga makin, don haka ba a kansa kaɗai muka dogara ba. Maƙoƙon da idanun da tarihin wata biyar su suka yanke hukunci.

An ɗebi jini an aika babban ɗakin gwaji, amma ba a jira sakamako ba, domin yakan ɗauki kwanaki. Bayan an tabbatar ba ta da asma kuma zuciyarta ba ta gaza ba, an ba ta furofanolol don rage gudun zuciya da rawar jiki, sannan kabimazol, wanda ke hana tayirod ƙera sabon sinadari. Sai da aka bar awa ɗaya ta wuce kafin a ba ta ɗigon aidin na Lugol, kuma wannan tazarar ba ta wasa ba ce, domin aidin shi ne kayan aikin da tayirod ke ƙera sinadarinsa da shi, idan aka ba da shi kafin a toshe ƙirar to an ƙara wa wuta itace ne. An haɗa da allurar haidirokotizon, aka ci gaba da penisilin, aka kuma hana ba ta asfirin, saboda yana sakin sinadarin tayirod daga furotin ɗin da ke riƙe da shi a cikin jini. Cikin kwana uku zuciyarta ta sauko ƙasa da 100, ta fara barci, ta fara haɗiyar abinci. Sakamakon da ya dawo ya nuna sinadarin tayirod da ake kira T4 ya ninka iyakarsa kusan sau uku, TSH kuma, wato umarnin da ke saukowa daga gindin ƙwaƙwalwa zuwa tayirod, ya yi ƙasa har na'ura ba ta iya auna shi.

A nan ne tambayar alaƙar ciwon biyu ta taso, kuma mijinta ne ya yi ta a fili: shin ciwon maƙogwaron ne ya sauko ya kama maƙoƙon? Tambaya ce mai ma'ana, domin akwai cutar da kusan haka take yi. Wani likitan tiyata ɗan ƙasar Suwizalan, Fritz de Quervain, ya bayyana ta a 1904. Makonni kaɗan bayan mura ko ciwon maƙogwaro na bairas, sai tayirod ya kumbura ya yi zafi, zafin na harbawa zuwa muƙamuƙi da kunne, sinadarin da ke ajiye a cikinsa ya tsiyayo cikin jini, mutum ya yi ta gumi da faɗuwar gaba na wasu makonni. Sau da yawa akan ɗauke ta a matsayin ciwon 'yan wuyan da ya ƙi jin magani, a yi ta sauya wa mai ita maganin ƙwayoyin cuta a banza. An ma ga irinta bayan cutar korona, rahoton farko ya fito daga Italiya a 2020. Bambance ta yana da amfani a aikace, domin a cikinta tayirod ba ƙera sinadari yake yi ba, zubar da na ajiya yake yi, saboda haka kabimazol ba shi da abin yi, maganin kumburi da na rage gudun zuciya kawai ake bayarwa, kuma yawanci takan warke da kanta. Ba ita ce ke damun wannan matar ba, tunda tayirod ɗinta ba ya zafi, jini na gudu a cikinsa, idanunta sun fito, alamominta kuma sun riga ciwon maƙogwaron da watanni. Akwai kuma kumburin tayirod marar zafi da ke biyo bayan haihuwa a cikin shekarar farko, amma ɗanta ya wuce wannan lokacin, kuma shi ma ba ya fito da ido. Ƙurjin mugunya a cikin tayirod ɗin kansa abu ne da ba a cika gani ba, kuma hoton wuya bai nuna shi ba.

Abin da ya rage shi ne cutar Graves, wadda ta ci sunan likitan ƙasar Ailan Robert Graves da ya rubuta a kanta a 1835, shekara biyar kafin Basedow na Jamus. Cuta ce ta garkuwar jiki: jiki na ƙera wasu sinadarai da ke manne wa tayirod a daidai inda TSH ke sauka, su yi ta ingiza shi yana aiki ba tare da an umarce shi ba. Ta fi kama mata nesa ba kusa ba, takan bi dangi, takan kuma bayyana bayan haihuwa. Masana sun daɗe suna binciken ko wasu ƙwayoyin cuta na iya rikita garkuwar jiki har ta juya kan tayirod, an ambaci bakteriyar Yersinia a wannan batu, amma ba a tabbatar da cewa ciwon 'yan wuya na haifar da cutar Graves ba. Abin da aka tabbatar shi ne cewa kamuwa da ƙwayoyin cuta yana sahun gaba cikin abubuwan da ke tayar da guguwar a jikin wanda dama yake da cutar. Rashin lafiya mai tsanani yana rage furotin ɗin da ke riƙe sinadarin, sai wanda ke yawo sake ya ƙaru, a daidai lokacin da zazzaɓi da rashin ruwa ke neman ƙarin aiki daga zuciyar da dama a gajiye take. Amsar da muka ba mijin ke nan: ciwon maƙogwaron bai kawo maƙoƙon ba, ya tarar da shi ne ya tona shi, kuma saura kaɗan haɗuwar su biyun ta yi ajalinta.

An sallame ta bayan mako guda da kabimazol miligiram 40 a rana da furofanolol. Kafin ta tafi an zaunar da ita da mijinta an yi musu gargaɗin da ya wajaba a yi wa duk wanda ya fara wannan magani, an kuma rubuta shi da Hausa a bayan katinta: idan zazzaɓi, ko ciwon maƙogwaro, ko gyambon baki ya zo, ta dakatar da kabimazol nan take, ta zo a gwada jininta a ranar. Dalili shi ne maganin yakan hana ɓargo ƙera wani nau'in fararen ƙwayoyin jini da ake kira niyutrofil, waɗanda su ne ke fara tarar bakteriya. Ƙasa da mutum 1 cikin 100 na masu shan maganin ne hakan ke samu, galibi a wata uku na farko, amma yana zuwa ne farat ɗaya, shi ya sa gwajin jini na lokaci zuwa lokaci ba ya isa ya kama shi, kuma gargaɗin da majinyaci ya riƙe a kansa ya fi kowane gwaji kare shi.

A mako na bakwai zazzaɓi da ciwon maƙogwaro suka dawo. Da yake ta ga an warkar da na farko da maganin ƙwayoyin cuta, sai ta aika aka sayo mata amoksisilin, ta ci gaba da shan kabimazol ɗinta har kwana biyu, tana ganin biyayya take yi ga umarnin kada ta yi fashin magani. A gidan har an fara maganar a kira wanzami ya cire abin da ke ta dawowa a wuyan. Mijin ba ya gari, ya je cin kasuwa, da ya dawo ya ga halin da take ciki ya ɗauko katin ya karanta bayansa, ya hana kiran wanzamin, ya ɗauko ta a daren. Da aska ta shiga wannan maƙogwaro a jikin da ba shi da abin yaƙar bakteriya, ba na jin da ta kai ga asibiti da rai.

Abin da aka gani a bakinta wannan karon ya bambanta ga mai lura. Akwai gyambuna masu launin toka a kan 'yan wuyan da dasashi da gefen harshe, amma mugunyar ba ta taka kara ta karya ba, domin mugunya galibinta gawar niyutrofil ce, kuma babu su. Ƙidayar niyutrofil ɗin ta nuna 300 a kowace maikurolita ta jini, alhali duk abin da ya gaza 500 haɗari ne babba. A nan gwajin da aka yi mata kafin ta fara maganin ya yi rana. Mutanen Afirka ta Yamma da yawa ƙidayar niyutrofil ɗinsu a halitta takan zauna ƙasa da ta Turawa ba tare da wata cuta ba, saboda haka sanin inda mutum ya faro yana hana a firgita a banza, yana kuma hana a raina faɗuwa ta gaske. Tata ƙidayar a Disamba sama take da dubu goma saboda ciwon da take ciki, da ta warke kuma ta daidaita, don haka babu shakka maganin ne ya kayar da ita.

An tsayar da kabimazol, an keɓe ta a ɗaki ita kaɗai, an taƙaita masu dubiya, abin da ya yi wa dangi nauyi sai da aka yi musu bayani fiye da sau ɗaya. An ɗebi jini don shuka ƙwayoyin cuta, aka fara maganin ƙwayoyin cuta mai faɗin aiki ta jijiya ba tare da jiran sakamako ba. Akwai allurar da ke zaburar da ɓargo, amma tana da tsada, kuma binciken da aka yi a kanta bai haɗu a kan ko tana gaggauta warkewa ba, saboda haka ba a ɗora wa iyalin nauyin nemanta ba. Ɓargo yakan farfaɗo cikin mako ɗaya zuwa biyu bayan an bar maganin, kuma haka aka yi, a kwana na goma ƙidayar ta haura 1,500, zazzaɓi ya tafi.

Matsalar da ta rage ita ce tayirod ɗin, wanda yanzu ba abin da ke riƙe da shi. Ɗaya maganin da ake da shi, furofiltayoyurasil, dangin kabimazol ne, kuma wanda ɗaya ya kayar wa jini ba a ba shi ɗayan. Zaɓi biyu suka rage. Na farko aidin mai tururin nukiliya da ake sha ya ƙone tayirod daga ciki, wanda ake samu a wurare ƙalilan a ƙasar nan, irin su Asibitin Ƙasa da ke Abuja da asibitin koyarwa na Ibadan, kuma yakan iya ƙara wa ciwon ido tsanani, sannan sai mace ta kauce wa ɗaukar ciki na aƙalla wata shida. Na biyu tiyata. Da aka auna nisan tafiya, da halin idanunta, da buƙatar a gama da wuri, ita da mijinta suka zaɓi tiyata, kuma a ganina zaɓin ya dace. An tura ta asibitin koyarwa, inda aka shirya ta da furofanolol da ɗigon Lugol da maganin sitiroyid, aka tsayar da ranar aikin a cikin kwana goma, domin aidin yana danne tayirod na ɗan lokaci ne kawai, idan aka wuce mako biyu yakan kuɓuce. An cire tayirod ɗin gaba ɗaya. Abubuwa biyu da ake tsoro a wannan aiki, wato taɓa jijiyar murya da raunata ƙananan ƙullutai huɗu da ke daidaita kalsiyam a bayansa, ba su same ta ba, in ban da ɗan jin tsitstsira a leɓe da yatsu na kwanaki, wanda ƙwayar kalsiyam ta kawar.

Yanzu tana shan ƙwayar lebotayiroksin kowace safiya kafin ta ci komai, kuma za ta sha ta har ƙarshen rayuwarta. An nuna mata cewa a watan azumi ta sha ta rabin awa zuwa awa ɗaya kafin sahur, ko kuma lokacin kwanciya idan abinci ya faɗa, kuma da zarar ta samu ciki ta zo da wuri, domin mai ciki na buƙatar ƙari. Iyalin sun nemi a cire 'yan wuyan su ma a huta, amma ba a cire ba. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce a yi tunanin cirewa idan ciwon ya zo sau 7 a shekara ɗaya, ko sau 5 a kowace shekara tsawon shekara biyu, ko sau 3 a kowace shekara tsawon shekara uku, nata kuwa sau biyu ne, na biyun ma magani ne ya jawo shi. A zuwanta na baya-bayan nan TSH ɗinta ya daidaita, jikinta ya dawo, ta koma kan sana'arta. Idanun ne ba su gama komawa ba, an haɗa ta da likitan ido, an rubuta da jan biro a gaban katinta cewa kada a sake ba ta kabimazol ko danginsa, an kuma ba ta ranar dawowa bayan wata shida.